Yatsa Ɗaya, Gida Ɗaya: Koyon Haɗin Sauti Mai Ƙari a Jita

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na koyon kiɗa. Gaisuwa ga mutanen Karaye da kewaye, da Yammedi, da Turawa, da Kwanyawa, da Tudun Kaya. Gaisuwa ga masunta da manoman rani na bakin madatsar ruwan Challawa. Gaisuwa ga mutanen Rogo, da Zarewa, da Fulatan, da Beli, da Gwangwan, da Ruwan Bago, har da waɗanda ke kama mu daga tsallaken iyaka, ta ɓangaren Katsina da ta ɓangaren Kaduna.

Darasinmu na yau na masu koyon jita ne. Amma ko ba ka taɓa riƙe jita ba, kada ka kauda akwatin rediyonka. Rabin darasin na kunne ne, kunne kuwa kowa yana da shi.

Za mu koyi wani haɗin sauti da makaɗan zamani ke kira ogmented. Mu a nan za mu kira shi haɗi mai ƙari, domin ƙari aka yi wa ɗaya daga cikin sautukansa. Shirin namu kashi huɗu ne. Kashi na farko, mene ne wannan haɗi. Kashi na biyu, me ya sa yake yi wa kunnenmu baƙunta. Kashi na uku, yadda za a ɗora yatsu. Kashi na huɗu, inda ake sa shi a cikin waƙa. Wanda yake da jita, ya ɗauko ta, ya gyara zama.

[Ɗan kiɗa]

To, ga kashi na farko. Mene ne haɗi mai ƙari?

Bari mu fara da sanin jitar kanta, don harshenmu ya zama ɗaya. Jita tana da tsirkiya 6. Siririyar nan da ke ƙasa, kusa da cinyarka, ita ce ta 1. Mai kaurin da ke sama, kusa da haɓarka, ita ce ta 6. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafuna da aka gicciya. Filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, shi za mu kira gida. Gida na 1 shi ne na kusa da kan jita, wajen maɗaura. Duk gidan da ka matsa gaba, sauti yana hawa taki ɗaya. Idan ka hau gida 12, ka dawo kan sautin da ka fara da shi, sai dai ya fi siranta. Ka riƙe wannan lamba da kyau. Gida 12, zagaye ya cika.

Shi kuma haɗin sauti, wanda makaɗa ke ce wa kod, sautuka ne uku ko fiye da ake kaɗawa lokaci guda. Ɗaya daga cikin haɗe-haɗen da 'yan koyo ke farawa da su shi ne C. Sautukansa uku ne, C da E da G. Ku saurara.

[A kaɗa haɗin C]

Kun ji yadda ya zauna daram? Ba ya neman komai. Ana iya rufe waƙa da shi a tashi.

Yanzu mu yi lissafi kaɗan. Daga C zuwa E, gida 4 ne. Daga E zuwa G, gida 3 ne. Daga G a koma C na sama, gida 5 ne. 4 da 3 da 5, sun ba mu 12.

To sai mu taɓa sauti ɗaya tak. Mu ɗauki G ɗin nan, mu ɗaga shi gida ɗaya. Ya zama abin da ake kira G shap, wato G da aka ɗaga taki guda. C tana nan, E tana nan, G kaɗai ya motsa. Ku saurara.

[A kaɗa haɗin C mai ƙari, a bar shi ya yi amo]

Wannan shi ne haɗi mai ƙari. Yanzu lissafin ya canja. Daga C zuwa E, gida 4. Daga E zuwa G shap, gida 4. Daga G shap zuwa C, gida 4. An raba 12 kashi uku daidai wa daida. Babu babba, babu ƙarami. Shi ya sa kunne ya kasa gane wane ne uban gida a cikin sautukan nan uku. Shi ya sa kuma haɗin ba ya zama wuri ɗaya, kullum gaba yake nema.

In kun ga wannan haɗi a rubuce a takardar waƙa ko a waya, za ku ga harafi da alamar tarawa a gefensa, irin ta darasin lissafi. Harafin C da alamar tarawa, shi ne C mai ƙari.

Mu maimaita. Haɗi mai ƙari haɗi ne na yau da kullum da aka ɗaga sautinsa na uku gida ɗaya. Sauti ɗaya, gida ɗaya.

[Ɗan kiɗa]

Mun zo kashi na biyu. Me ya sa yake yi wa kunnenmu baƙunta?

Na san wasunku, da suka ji shi ɗazu, sun ce a ransu jitar nan ba ta saitu ba. Ku ɗauki misalin yaro a Zarewa, yana zaune kan dakali bayan sallar isha'i, yana bin darasi a waya. Ya ɗora yatsu daidai yadda aka nuna masa. Ya kaɗa. Abokinsa da ke gefe ya yamutsa fuska ya ce, kai, ka yi kuskure. Yaron ya ɗauka gaskiya ne, ya saki haɗin, bai sake komawa kansa ba. Alhali bai yi kuskure ba. Abin da ya kamata ya fito, shi ya fito.

Ga dalilin. Galibin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake tafiya. Garayar maharba mai tsirkiya biyu, da goge, da kukuma, da gurmi, da waƙar mata wajen daɓe ko niƙa, yawancinsu cikin tsarin nan na sauti biyar suke yawo. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna a faɗin ƙasar nan da wajenta. A cikin wannan gado kunnenmu ya tashi, kuma gado ne mai daraja.

Idan ka jera sautukan nan biyar a jita, ka fara daga C, abin da ya fi kusa da su shi ne C, D, E, G, A. Ku lura. Daga G sai A. Babu tsayawa a tsakani. Shi kuwa G shap, a tsakanin G da A yake zaune, daidai wurin da waƙoƙinmu suka saba tsallakewa. Kunnen da bai saba tsayawa a nan ba, dole ya ji wani iri. Wannan ba laifin kunnenka ba ne, ba laifin jitarka ba ne. Rashin sabo ne kawai.

Ka tuna mai hawa rumbu da tsani. Ƙafarsa ɗaya tana kan mataki, ɗayar ya ɗaga ta, bai kai ga ɗora ta a mataki na gaba ba. In ka ce masa ya tsaya haka, zai gaji, zai yi tangaɗi. Amma in yana cikin hawa, wannan ɗaga ƙafar ita ce hawan. Haka haɗi mai ƙari yake. Ba wurin tsayawa ba ne, wurin wucewa ne. Wanda ya ji shi shi kaɗai zai ƙi shi. Wanda ya ji daga inda ya fito da inda za shi, zai so shi.

Kada kuma wani ya ce jita kayan wasu ne, ba ta karɓar kiɗan ƙasarmu. Ali Farka Ture na Niafunke a ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, ya ɗauko salon kayan kiɗan gargajiya na yankinsu ya ɗora a jita, har duniya ta san shi da haka. A nan maƙwabta, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Nijar, da kansa ya ƙera jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙinsa na farko kuwa a Sakkwato ya ɗauke shi, a 2008. Waɗannan mutane da abin da suka gada suka fara, sannan suka ƙara da abin da suka koyo. Kai ma haka za ka yi. Ka riƙe sautukanka biyar, ka ƙara wannan a kai.

[Ɗan kiɗa]

Ga mu a kashi na uku, wato ɗora yatsu. A nan zan tafi a hankali, don kowa ya biyo ni.

Kafin komai, a saita jita. Wannan haɗi ba ya yafe tsirkiyar da ta saki. Tun da dama shi kansa yana da ɗan ɗaci a kunne, in aka ƙara masa rashin saiti, sai ya lalace gaba ɗaya. Lokacin hunturu katako yana bushewa, tsirkiya tana sauka ko ta hau ba tare da ka taɓa ta ba. Saboda haka kullum ka saita kafin ka fara. Akwai manhajar saita jita da ake saukewa a waya. Daga mai kauri zuwa siririya, sautukan su ne E, A, D, G, B, E.

Yatsun hannun da ke danna tsirkiya guda huɗu ne: manuni, da na tsakiya, da na zobe, da ɗan auta. Babban yatsa yana bayan wuyan jita, yana tokarewa.

Mu fara da haɗin C da kuka sani. Yatsan zobe a tsirkiya ta 5, gida na 3. Yatsan tsakiya a tsirkiya ta 4, gida na 2. Manuni a tsirkiya ta 2, gida na 1. Tsirkiya ta 3 a sake take, ba a danna ta ba. Ita ce ke ba mu G. Ku kaɗa daga ta 5 zuwa ƙasa.

[A kaɗa C]

Yanzu ga aikin. Kada yatsan zobe ya motsa. Kada na tsakiya ya motsa. Manuni kaɗai zai yi aiki. Ka ɗaga shi kaɗan, ka kwantar da kansa a kan tsirkiya biyu, ta 3 da ta 2, duka a gida na 1. Ka danna. Sai ka kaɗa tsirkiya huɗu kawai: ta 5, ta 4, ta 3, ta 2. Ka bar ta 6, ka bar ta 1.

[A kaɗa C mai ƙari]

Ka samu. Na sake faɗa. Zobe a ta 5, gida na 3. Tsakiya a ta 4, gida na 2. Manuni a kwance kan ta 3 da ta 2, gida na 1.

Ƙanwata, ko ƙanena, in manuninka ya ƙi kwanciya, akwai wata hanya. Ka yi amfani da yatsu huɗu. Ɗan auta a ta 5, gida na 3. Zobe a ta 4, gida na 2. Manuni a ta 3, gida na 1. Na tsakiya a ta 2, gida na 1. Da wannan ɗorin, tsirkiya ta 1 ma za ta iya fita a sake, sautin ya ƙara cika. Ka gwada duka biyun, ka ɗauki wanda hannunka ya karɓa.

Yanzu ka duba aikinka. Kada ka kaɗa duka tare tukuna. Ka ja tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ka saurara. In ka ji wata tana zuzu, yatsanka ya yi nisa da ƙarfe, ka matso da shi dab da ƙarfen gaba, amma kada ya hau kansa. In ka ji wata ta mutu, ba ta amo, to cikin wani yatsa ne ke taɓa ta, ka ƙara lanƙwasa yatsun su tsaya da kawunansu. In farce ya yi tsawo, a yanke shi, don farce yana hana kan yatsa sauka. Kuma kan yatsa zai yi zafi a kwanakin farko. Wannan kowa ya sha shi. In kanta ta fito, zafin zai tafi.

To, yanzu mu kai haɗin inda za shi. Daga C mai ƙari, mu je haɗin A maina, wanda mafi yawanku kun sani, haɗin nan mai sanyin murya. Manuni a ta 2, gida na 1. Na tsakiya a ta 4, gida na 2. Zobe a ta 3, gida na 2. Ta 5 a sake.

Kafin mu haɗa su, ku saurari tsirkiya ta 3 ita kaɗai. A sake. Gida na 1. Gida na 2.

[A ja sautukan uku a hankali]

G, G shap, A. Hawa ne taki-taki. Yanzu ku saurari hawan nan a cikin haɗe-haɗen uku.

[A kaɗa C, C mai ƙari, A maina]

Kun ji? Abin da ɗazu ya yi kamar kuskure, yanzu shi ya fi daɗi a cikin ukun. Ya ja kunne, sannan ya sake shi. Duk sirrin yana kan tsirkiya ta 3: a sake, gida na 1, gida na 2.

Ga hanya ta biyu, daga G zuwa C. Zobe a ta 6, gida na 3. Na tsakiya a ta 5, gida na 2. Ta 4 da ta 3 da ta 2 a sake. Ka kaɗa waɗannan biyar, ka sami G. Sai ka sauke manuni a ta 4, gida na 1. Ka sami G mai ƙari. Daga nan ka koma C.

[A kaɗa G, G mai ƙari, C]

A nan tsirkiya ta 4 ce ke hawa: a sake, gida na 1, gida na 2. Tsari ɗaya ne, tsirkiya ce ta bambanta.

Saura abu guda a wannan kashi, kuma albishir ne ga ɗan koyo. Kun tuna mun ce an raba 12 kashi uku daidai? Ga amfaninsa. Ka danna tsirkiya uku kawai: ta 4 a gida na 2, ta 3 da ta 2 a gida na 1. Ka kaɗa. Yanzu ka zame hannun gaba gida 4, ba tare da ka canja ɗorin ba. Ta 4 tana gida na 6, sauran biyun suna gida na 5. Ka kaɗa. Ka sake zamewa gida 4. Ta 4 tana gida na 10, sauran suna gida na 9.

[A kaɗa wuraren uku a jere]

Sautuka ukun nan ne dai, C da E da G shap, matsayinsu kawai ke sauyawa. Wato C mai ƙari, da E mai ƙari, da G shap mai ƙari, duk abu ɗaya ne mai suna uku. Sunayen haɗi mai ƙari 12 ne, amma ainihinsu 4 ne kacal. Wanda ya iya ɗori ɗaya, ya kuma iya zame shi gida-gida, ya iya dukkansu.

[Ɗan kiɗa]

Mun iso kashi na huɗu, na ƙarshe. Ina ake sa shi a waƙa?

Wuri na farko, a bakin waƙa, kafin mawaƙi ya fara. Mawaƙan nan na Ingila, Beatles, sun yi haka a waƙarsu mai suna Oh! Darling ta 1969. Da haɗi mai ƙari aka buɗe ta, aka bar shi ya rataya na ɗan lokaci, sannan murya ta shigo. Yana sa mai sauraro ya kasa kunne.

Wuri na biyu, tsakanin baiti da amshi. Ku ɗauki waƙar biki, irin wadda ake yi wa amarya da ango. Mawaƙiya ta kai ƙarshen baiti, ta tsaya jan numfashi, 'yan amshi suna shirin shigowa. A wannan ɗan taƙin, makaɗi ya sa G mai ƙari, bugu ɗaya ko biyu, sai amshi ya faɗo kan C. Jama'ar da ke wurin ba za su san sunan abin da aka yi ba, amma za su ji amshin ya shigo da ƙarfi.

Wuri na uku, inda waƙa ta daɗe a kan haɗi ɗaya har ta fara gundura. Maimakon a yi ta maimaita C, sai a hau: C, C mai ƙari, A maina.

Sai dai akwai ka'ida biyu da nake roƙon ku riƙe. Ta farko, kada a daɗe a kansa. Bugu ɗaya, biyu, in ya yi yawa huɗu, a wuce. Ta biyu, ka saurari mawaƙi. In yana riƙe da sautin G da muryarsa, kai kuma ka danna G shap a ƙarƙashinsa, sautukan biyu za su yi karo, kuma shi za a ga kamar ya kauce. Wannan ya fi faruwa a waƙoƙinmu masu sauti biyar, domin G na cikin sautukan da murya ke yawan zama a kansu. Saboda haka ka jira ya ja numfashi, ko ya koma kan C ko E. Makaɗin kirki mawaƙinsa yake bi.

Mai kibod, kai ma darasin ya shafe ka. Ka danna C da E da G. Sai ka ɗauke yatsan da ke kan G, ka ɗora shi kan baƙin maɓallin da ke damansa, tsakanin G da A. Shi ke nan. Wanda kuma ba shi da kayan kiɗa ko ɗaya, ya yi da murya. Ka rera sauti ɗaya, ka ɗaga shi ɗan kaɗan, ka sake ɗaga shi ɗan kaɗan. Kunnen da ya iya jin wannan hawan, ranar da ya sami jita, yatsu ba za su ba shi wahala ba.

Ga aikin gida na wannan mako. Minti 10 a kullum ya isa, a lokacin da ba za ka takura wa maƙwabta ba, ba kuma lokacin salla ko karatu ba. Minti 3 na farko, ka ja tsirkiya ta 3 ita kaɗai, a sake, gida na 1, gida na 2, kana binta da murya. Minti 4 na tsakiya, C, C mai ƙari, A maina, bugu huɗu-huɗu, a hankali. Minti 3 na ƙarshe, G, G mai ƙari, C. Kada ka yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa. In ku biyu ne da jita ɗaya, ku yi karɓa-karɓa: ɗaya ya kaɗa, ɗaya ya juya baya ya faɗi lokacin da haɗi mai ƙari ya shigo. Wannan yana gyara hannun mai kaɗawa, yana gyara kunnen mai saurare.

Mu tattara abin da muka koya. Haɗi mai ƙari, sauti ɗaya ake ɗagawa, gida ɗaya. Yana yi wa kunnenmu baƙunta ne don yana zaune tsakanin sautukan da muka gada. Wurin wucewa ne, a san inda za a kai shi kafin a danna shi. Ɗori ɗaya yana maimaita kansa duk bayan gida 4. Kuma mawaƙi ake bi, ba a danne shi.

Iyayenmu da yayyenmu da ke saurare tare da yara, mun gode da haƙurinku. In kun ji yaro yana ta maimaita sautuka uku a tsakar gida, aikin da muka ba shi yake yi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki haɗin da aka rage wa sauti maimakon a ƙara masa, mu ji yadda shi kuma yake aiki. Ku zo da jitarku a saite. Mu kwana lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]